Gemu Ba Ya Hana Gem

Mu da shekarunmu suka haura 30 amma ba su kai 40 ba, a maganar wasan gem gaba kura ce baya siyaki. Ta sama, iyaye da yayye in suka gan mu riƙe da hannun gem sai su ce, “Gemai-gemai da kai, da mata da 'ya'ya, har yanzu ba ka bar wasan yara ba?” Ta ƙasa kuma, wasu daga cikin sa'anninmu sun juya kan ƙannenmu masu buga Free Fire a waya, suna ce musu ba su san gem ba, tunda ba su taɓa hura kaset ba, ba su taɓa bin layi a gidan gem ba. Na farko suna cewa mun yi wa abin girma, na biyu suna cewa yaran sun yi masa ƙanƙanta. Magana ɗaya ce aka juya ta, domin duka biyun takardar haihuwa suke dubawa kafin su yanke wa ya cancanci ya so abin da yake so. Mu kuwa da rubuta manhaja ce sana'armu, kuma gem ne ya fara jan da yawanmu zuwa ga kwamfuta, ba mu yarda da wannan ma'aunin ba, kuma muna da dalilai.

Bari mu fara da abin da muka gani da idonmu, don kada a zaci muna raina zamaninmu. Na'urar da yawancinmu muka fara taɓawa ɗan akwatin roba ne da ake jonawa da talabijin, a cusa masa kaset ruwan ɗorawa wanda aka rubuta wasa 9999 a jikinsa, alhali in ka bi su ɗaya bayan ɗaya 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa. A ciki muka san Mario da Contra da yaƙin tankoki da harbin agwagi. In hoto ya dagule sai a zare kaset, a hura masa iska, a mayar. Daga baya Sega ta zo da Sonic da Mortal Kombat, sannan PlayStation ta haifar da gidan gem kamar yadda muka san shi: shago guda, benci biyu ko uku, talabijin a jere, janareta na ruri a bakin ƙofa, mai shago na lissafin wasa nawa kowa ya buga. Mun buga Winning Eleven da sharhin Japananci wanda ba mu jin ko kalma ɗaya, amma mun haddace inda za a danna. Mun san dabarar ɗauko Roberto Carlos daga baya a kai shi gaba saboda gudu da ƙarfin bugu. Mun kuma san abin da ke faruwa in ƙwallo ta shiga ƙafar Tijjani Babangida, ɗan Kaduna da ya buga wa Ajax, wanda yana cikin waɗanda suka ciyo mana zinare a Atlanta a 1996. Saurin da aka ba shi a wasan ya sa har yau akwai mutanen da ba su san inda Kaduna take ba amma sun san sunansa.

Duk wannan namu ne, ba wanda zai ƙwace mana daɗinsa. Sai dai in an ce shi ne shaidar zama ɗan gem na gaskiya, wai don mun riga yara gani, to tarihi ba zai goyi bayan maganar ba. Tun 1958 wani masanin kimiyya, William Higinbotham, ya haɗa wasan tanis a kan allon wata na'urar awo a ɗakin bincike a Amurka. A 1962 su Steve Russell suka rubuta Spacewar! a jami'ar MIT. Pong ya fito a 1972. Na'urar Famicom ta kamfanin Nintendo, wadda akwatunanmu na roba suka kwaikwaya, ta shiga kasuwar Japan a 1983, Super Mario Bros. kuma ya fito a 1985. Wato lokacin da muke rububin Mario a ƙarshen shekarun 1990, wasan ya haura shekara 10 da fitowa, kuma a kan na'urar kwaikwayo muke buga shi. Ɗan Tokyo da aka haifa a 1970 yana iya kallonmu ya faɗa mana daidai abin da ake faɗa wa yaran Free Fire: kun zo a makare, kuma abin da kuka samu ba na asali ba ne. Shi ma wanda ya buga Pong yana da abin faɗa masa. In dai da rigaye ake zama na gaskiya, kowa akwai wanda ya riga shi.

Akwai kuma abin da masu alfahari da rigaye ba su cika tunawa ba. Wa ya samu shiga gidan gem a wancan lokacin? Yaron birni, namiji, wanda unguwarsu ke da wuta ko janareta, wanda ke samun 'yan canji a aljihu, kuma ba a tsaurara masa fita a gida ba. 'Yan'uwanmu mata ba su taka ƙofar shagon ba, sai in an yi sa'a akwai na'ura a gida, nan ma sai yayye sun gaji. Sa'anninmu na ƙauye da yawa ba su ga PlayStation ba sai a hoto. Waya ce ta rushe wannan katangar. Bayan shigowar wayar salula Najeriya a 2001, wasan maciji na Nokia ya shiga hannun direba da 'yar kasuwa da malamin makaranta, mutanen da ba za su taɓa zama a bencin gidan gem ba. Yau yarinya a ɗakin mahaifiyarta tana iya shiga fili ɗaya da mutanen ƙasashen da ba ta taɓa zuwa ba, ta kuma fitar da su. Saboda haka in mutum ya ce su ne na gaskiya don sun fara tun ana kaset, abin da yake faɗa a zahiri shi ne an haife shi namiji, a gari mai wuta, a gidan da ke da hali. Wannan baiwa ce daga Allah, abin godiya, amma ba ƙwazonsa ba ne balle ya yi wa wani gori da ita.

Mu koma kan iyayenmu da ke cewa wasan yara ne. Maganar tana da asali, sai dai asalin nata dabarar kasuwa ce. Waɗanda suka rubuta Spacewar! manya ne masu aikin kwamfuta. Akwatin Pong na farko a wata mashaya aka ajiye shi a Kalifoniya, wurin zaman manya. A 1983 kasuwar gem ta Amurka ta durƙushe saboda an cika ta da wasanni marasa inganci, har masu shaguna suka daina son jin zancen. Da Nintendo ta zo shiga kasuwar a 1985, sai ta yi wa na'urarta shigar kayan wasan yara, har da ɗan mutum-mutumi mai motsi, don ta samu wuri a shaguna. Dabarar ta ci, aka kwashe shekaru ana tallan gem ga yara maza, har duniya ta ɗauka haka abin yake tun fil'azal. Yaran nan sun girma, ba su kuwa ajiye hannun gem ba. Ƙungiyar kamfanonin gem ta Amurka, ESA, ta ce a rahotonta na 2024 matsakaicin shekarun mai buga gem a ƙasar 36 ne.

A Japan akwai wata tsohuwa, Hamako Mori, haifaffiyar 1930, wadda kundin Guinness ya bayyana a 2020 a matsayin mafi tsufa cikin masu nuna wasan gem a YouTube, tana da shekara 90. Ta fara ne a 1981, kafin a haifi kowa a cikinmu. In da rigaye ne, ita ce shugabarmu. In kuma tsufa na korar mutum daga wasa, da tuni an kore ta. Ba ma sai mun je nesa ba. Dara wasa ce, amma ba mu taɓa jin an ce wa dattijon da ke gindin bishiya da la'asar ya yi mata girma ba. Girmama gwaninta ma ake yi, a taru a kansa ana kallo, ana ba da shawarar da ba a nema ba. Abin da ya raba dara da gem a idon manya shi ne sun taso sun tarar da dara, gem kuwa a gabansu ya shigo gari, a hannun 'ya'yansu. Ɗan'adam yakan kira abin da ya tarar al'ada, abin da ya zo bayansa kuma ya kira shi shirme. Sa'anninmu masu korar yaran waya tarkon nan suka faɗa, tun furfura ba ta gama fito musu ba.

In ana neman wasa guda da za a ga yadda shekaru ke aiki a wannan harka, Tetris ne. Mu a nan mun san shi a 'yar na'urar aljihu mai batir da ake kira Brick Game, tubala na saukowa kana jera su. Alexey Pajitnov ne ya rubuta shi a Mosko a tsakiyar shekarun 1980, yana aiki a cibiyar kwamfuta ta hukumar kimiyyar Tarayyar Sobiyet. Wanda ya taimaka aka mayar da shi kan kwamfutar IBM, inda daga nan ya bazu, ɗan sakandare ne mai shekara 16, Vadim Gerasimov. Tun daga haihuwarsa ke nan wasan na babba ne da yaro. Samfurin da Nintendo ta fitar a 1989 shi ake gasar duniya a kansa tun 2010, a kan tsofaffin na'urori da tsofaffin talabijin masu ƙaton baya. A shekarun farko gasar ta manya ce, mutanen da suka taso da wasan, kuma gwaninsu Jonas Neubauer ne, wanda ya ɗauki kofin sau 7.

A 2018 sai ga wani yaro, Joseph Saelee, ɗan shekara 16. An haife shi fiye da shekara 10 bayan fitowar wasan. A YouTube ya ga wasan ƙarshe na gasar 2016, abin ya burge shi, ya nemi tsohuwar na'ura ya zauna koyo, yana kallon yadda su Jonas ke jera tubala. Ya kai wasan ƙarshe, ya haɗu da Jonas mai shekara 37, ya ci shi 3 ba ko ɗaya. Da ma'aunin masu hura kaset, yaron nan ɗan kallo ne da ya shigo ta taga. Jonas bai ɗauke shi haka ba. Ya taya shi murna a gaban jama'a, ya ci gaba da nuna wasan da koyar da shi a intanet, kuma bidiyon wannan karawar ya janyo ɗimbin yara cikin gasar. Jonas ya rasu a Janairun 2021 yana da shekara 39, aka sa wa kofin sunansa. Waɗanda suka ɗaga kofin bayan rasuwarsa babu wanda ya ga shekarar 1989 a cikinsu, amma sunan wanda ya matsa musu wuri suke ɗagawa.

Abin da yaran suka yi wa wasan shi ya fi ɗaukar hankalinmu mu masu rubuta manhaja. Filin Tetris gida 10 ne a faɗi, 20 a tsayi, kuma na'urar tana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa. A mataki na 29 tubali yana sauka gida ɗaya a kowane sabuntawa, wato daga sama zuwa ƙasa cikin sulusin daƙiƙa. In ka danne madanni ka riƙe, wasan yana matsar da tubalin gefe kamar sau 10 ne kawai a daƙiƙa, saurin da bai isa ya kai shi inda kake so kafin ya faɗi ba. Shi ya sa aka daɗe ana ɗaukar mataki na 29 a matsayin ƙarshen hanya. Thor Aackerlund, ɗaya daga cikin tsofaffin gwanaye, ya nuna ana iya wucewa in mutum ya sa yatsansa karkarwa a kan madannin maimakon riƙewa, har ya kai mataki na 30 a 2011. Irin wannan salon Joseph ya zo da shi. Daga baya wani matashi da ake kira Cheez ya kawo wanda ya fi shi: a ɗora yatsa ɗaya a kan madanni, a riƙa bugun abin ta ƙasa da yatsun ɗaya hannun bi da bi, kamar mai kaɗa yatsu a bayan ƙwarya. Ta haka ana samun dannawa fiye da 20 a daƙiƙa.

Da wannan salon yara suka shiga matakan da marubutan wasan ba su zaci ɗan'adam zai gani ba. Daga mataki na 138 launuka suna rikicewa, domin manhajar ta wuce iyakar jadawalin launukan da aka tanadar mata, tana karanto wasu lambobi na daban a matsayin launi. A wani matakin tubalan suna yin duhu har da ƙyar ake ganinsu. Daga 155 kuma lissafin maki yana iya yin tsawon da na'urar ba ta gama shi kafin lokacin zana sabon hoto ya zo, sai ta ruɗe ta tsaya cik. Ranar 21 ga Disamba 2023, Willis Gibson, ɗan shekara 13 a jihar Oklahoma, ya buga kimanin minti 38 har wasan ya sandare a mataki na 157. Shi ne mutum na farko da aka tabbatar ya kai wasan bango, shekara 34 bayan fitowarsa. Ya sadaukar da nasarar ga mahaifinsa da ya rasu kwanaki kaɗan kafin nan, Pajitnov da kansa kuma ya taya shi murna. To a wannan labarin wane ne ɗan gem na gaskiya? Wanda ya rubuta, ko mai kofi 7, ko yaron da ya ga ƙarshen abin? Kowannensu ya karɓa daga hannun wani, kuma ba wanda aka tambayi shekarunsa kafin a miƙa masa.

Ba muna cewa shekaru ba su da tasiri ba ne. Suna da shi a jiki. Masu bincike a Jami'ar Simon Fraser da ke Kanada sun duba wasannin mutum 3,305 masu buga StarCraft 2, 'yan shekara 16 zuwa 44, suka wallafa a 2014 cewa saurin mayar da martani yana fara raguwa daga shekara 24. Mu shaida ne. Ƙaninka zai hango abokin gaba ya harbe shi, kai kana can kana neman inda ƙarar ta fito. Amma binciken nan ya kuma gano manyan suna cike giɓin da dabara, suna amfani da gajerun hanyoyi da tsari mai sauƙi fiye da yaran. Daigo Umehara na Japan, haifaffen 1981, wanda ya yi suna a Street Fighter tun yana matashi, ya haura 40 yana shiga manyan gasanni. Yatsa na tsufa, amma karantar abokin karawa ƙaruwa take yi. Kuma ko ba haka ba, gwaninta daban, so daban. Mai goyon bayan Kano Pillars da ya kwashe shekaru yana zuwa filin wasa na Sani Abacha ba zai iya gudun minti 90 ba, ba kuwa wanda ya taɓa cewa ba masoyin ƙwallo ba ne.

Wuri na biyu da shekaru ke da hurumi shi ne abin da wasan ya ƙunsa. Bayan ce-ce-ku-ce kan jinin da ke cikin Mortal Kombat, wanda ya kai majalisar dattawan Amurka ta zauna a 1993, aka kafa hukumar ESRB a 1994 don tantance wasanni. Turai tana da PEGI tun 2003, mai lambobi 3, 7, 12, 16 da 18 a jikin kwali. Grand Theft Auto V na 'yan 18 ne, kuma bai kamata a ga ɗan firamare a gabansa ba. A nan muna tare da iyaye ɗari bisa ɗari, mu da muka san abin da ke ciki mu ya fi kamata ma mu yi magana. Haka zancen lokaci. Magidancin da ya bar sallah da cefane da hirar iyali saboda gem yana da matsala, haka ɗalibin da ya bar karatu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya jarabar gem cikin jerin cututtuka. Alamomin da ta lissafa su ne kasa sarrafa kai, fifita wasa a kan sauran al'amuran rayuwa, da ci gaba duk da ana ganin illa, yawanci na tsawon wata 12. Ɗan 14 na iya faɗawa, ɗan 40 ma haka. Magidancin da ya sauke haƙƙoƙinsa, ya buga wasa biyu bayan yara sun yi barci, bai fi mai kallon ƙwallon Turai ko mai hira a majalisa ɓata lokaci ba.

Saura zargin cewa wasan waya ba gem ba ne. Wannan ma sana'armu ta hana mu yarda. Muna jinjina wa waɗanda suka cusa Super Mario Bros. gaba ɗayansa cikin kilobayit 40, ƙasa da nauyin hoto guda a wayar yau, har ta kai gajimare da ciyayin da ke wasan zane ɗaya ne aka sauya wa launi don tsimin wuri. Irin wannan tsimin aka yi a Free Fire, wanda Garena ta fitar a 2017: mutum 50 a tsibiri guda, wasa na kamar minti 10, a kan ƙaramar waya mai arha. Duk wanda ya taɓa rubuta manhajar da za ta yi aiki a irin wayoyin da ke hannun mutanenmu, da irin intanet ɗin da muke samu, ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Mai bugawar ma haka. Yaron da ke wasa da yatsu huɗu a kan gilashi, babu madannin da zai ji a ƙarƙashin yatsa, yana tsimin data, yana lissafin caji, yana tsara tafiya da abokai uku ta murya, ya sha wahalar da ba ta gaza ta mai jiran layi a benci ba. Hura kaset ɗin da ake masa tinƙaho da shi ma, ba iskar ke gyara hoton ba, zarewa da mayarwa ne ke sa ƙarafan su haɗu da kyau.

Abin da ya sa wannan gardamar ta dame mu shi ne mun san inda hanyar take kaiwa. Da yawa daga cikin abokan aikinmu, tambayar da ta kai su ga karatun kwamfuta a gaban gem ta zo musu: yaya aka yi akwatin nan ya san na danna? Lambar sirrin nan ta Contra mai ba da rai 30, wani mai rubuta manhaja ne, Kazuhisa Hashimoto, ya fara saka ta a wasan Gradius a 1986 don wasan ya yi masa wuya lokacin gwaji. Ranar da yaro ya gane cewa mutane irinsa ne ke rubuta waɗannan abubuwa, ranar ya kama hanyar zama injiniya. Yaran yau sun ma fi mu kusa da wannan ƙofar. A Minecraft suna haɗa da'irori masu aiki kamar na lantarki, a Roblox suna rubuta umarni su gina wasan kansu. Yaron da uba ya ce masa shirme yake yi, sannan yayan da yake ganin girmansa ya ce masa shi ba ɗan gem ba ne, an rufe masa ƙofa biyu a rana ɗaya. Zai ci gaba da bugawa a ɓoye, amma ba zai zo da tambaya ba. Ga shi kuwa kullum muna kukan ƙarancin wasannin da ke magana da Hausa, waɗanda za su sa Bayajida ko Sarauniya Amina ko kasuwar Kurmi a kan allo. Masu rubuta su suna nan cikin yaran da ake kora.

Mu ma muna da abin ba su wanda ba za su iya saukewa a waya ba. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta Amurka ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a sayar da su yanzu. Abin da muka taso da shi yana ɓacewa, labarin gidajen gem na garuruwanmu kuwa a kawunanmu yake. In muka mayar da wannan sanin sandar duka, zai tafi tare da mu. In kuwa muka zaunar da yaro muka nuna masa Mario na farko, muka bar shi ya faɗa rami sau goma, muka gaya masa wane ne Babangida, sannan muka karɓi wayarsa ya koya mana inda ake sauka a tsibirin, to abin ya zama gado. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma gaskiya ne. Amma karin maganar bai ce babba ya hana yaro hawan rimin ba.

To da me ake gane ɗan gem na gaskiya? Abin da muke dubawa kaɗan ne. Yana dawowa bayan an ci shi. Yana son sanin yadda abin ke aiki. In ya ga wanda ya fi shi yana jin daɗin kallo ko da ransa ya sosu, in ya ga sabon shiga yana matsa masa wuri. Ana samun waɗannan a 'yar shekara 12, ana samunsu a tsohuwa mai 90, ana kuma rasa su a wanda ya tara kaset kwali guda. Gidan gem ɗin da ake tinƙaho da shi ma dokarsa ke nan: wanda aka ci ya tashi, ya miƙa hannun gem ga na gaba a layi. Ɗan aji uku na iya tayar da mai gemu, mai gemun ya koma ƙarshen benci yana ƙunƙuni, yana jiran layi ya zagayo. Mai shago kuɗin wasa yake karɓa, bai taɓa tambayar kowa shekarar haihuwa ba.